Alƙahira Sau Biyu Saboda Haƙoran Baba

Ka san Baba da kilishi. To, shekara 4 rabonsa da shi, tun da aka cire masa ragowar haƙora aka ba shi na roba. Na sama suna zama daram, na ƙasa kuwa rawa suke yi. Ran da suka nemi faɗowa yana tsakiyar jan baƙi a wurin tafsiri, da ya dawo gida bai ko zauna ba ya ce a nemo mana biza.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai Alƙahira. Larabcin da nake taƙama da shi tun Islamiyya ya watsa mini ƙasa a ido, don direban tasi cewa ya yi ina magana kamar mai huɗubar Juma'a. Baba bai ce uffan ba, yana ta kallon Kogin Nilu.

A asibitin haƙori aka ɗauki hoton muƙamuƙinsa, likita ta haska mana a kwamfuta. Ashe in haƙori ya tafi, ƙashin da ke riƙe da shi zaizayewa yake yi a hankali, kamar katangar ƙasa da damina. Robar ba ta da laifi, abin kamawa ne babu. Ta ce za ta dasa ƙusoshi 2 na ƙarfen taitaniyam a gaban muƙamuƙin ƙasa, wajen da fiƙoƙi suke a da, kowace da ɗan kai a sama, robar ta hau ta kama kamar maɓallin riga. Da dare ya cire ya wanke. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Branemark, shi ya fara dasa wa mutum irin wannan ƙusa a 1965. Ni kuwa da na ɗauka sabon yayi ne. Likitar tamu ta tambayi ciwon suga da taba, don suna iya hana dashen kamawa. Baba ya ce shi dai goro.

Dashen bai ɗauki lokaci ba. Sai ga maganar da ta kashe mini jiki: sai ƙashi ya rungumi ƙarfen, wajen wata 3, kafin a ɗora masa nauyi. Ni kuwa tikitin mako 2 na yanka, har da ƙullin kilishi a jaka na ranar murna.

"Kai da ka yi boko, ba ka tambaya ba?" in ji Baba.

"A yi haƙuri, Baba."

Muka dawo Kano, aka ci gaba da kunu da fate.

A zuwa na biyu, likita ta danna robar, muka ji ƙas! Baba ya tura da harshe, ko gezau. Da muka fito ya tsaya wajen mai gurasarsu, wadda suke kira aish baladi, ya gatsa ya tauna sosai, sannan ya ce tamu ta Jakara ta fi ta.