Kufan Karakorum: Me Makiyaya Suka Yi da Birni?

Daga Ulan Bato, babban birnin Mongoliya, zuwa garin Harhorin tafiya ce ta kimanin kilomita 360 yamma, kuma abin da ido ke gani a hanyar kusan iri ɗaya ne: fili fetal, gajeriyar ciyawa, garken tumaki da dawaki, sai fararen tantunan gashi da suke kira ger, ɗaya nan ɗaya can. Tun kafin in isa kwarin kogin Orhon tambayar da ta fito da ni ta ƙara nauyi. Mutanen da dukiyarsu ke tafiya da ƙafa huɗu, me za su yi da birni mai ganuwa? Abin da na gani a kufan Karakorum, a gefen Harhorin, ya gamsar da ni cewa Mongol sun gina shi ne don ya yi musu aiki. Maƙera ce da kasuwa da rumbu ta sarkin da bai taɓa daina yawo ba.

Wanda ya je yana sa ran ganin fadar da ta mulki ƙasa daga Koriya zuwa Gabashin Turai zai ɗan yi turus. Abin da ke tsaye shi ne farar katangar Erdene Zu, gidan ibadar mabiya Buda da aka fara ginawa wajajen 1586 da duwatsun tsohon birnin. Arewa da ita fili ne mai tudu da kwari, da wani ƙaton kunkuru na dutse mai rami a gadon bayansa, inda a da ake kafa allon rubutu. Ogedei, ɗan Cingis Han, shi ya kewaye wurin da ganuwa a 1235. Shekara talatin ba ta cika sosai ba Kubilai Han ya mayar da mulki Sin, daga baya kuma sojojin daular Ming suka rushe garin a ƙarshen ƙarni na 14.

Na fi daɗewa a kan wani dandamali da aka haƙo aka gyara, inda gindin ginshiƙai 64 na dutse ke jere, takwas a kowane layi. A 1948 da 1949 Sergei Kiselev na Tarayyar Sobiyet ya yi haƙa a nan, ya ce ya gano fadar Ogedei, kuma maganarsa ta zauna a littattafai rabin ƙarni. Da masana na Mongoliya da Jamus suka koma wurin daga shekarar 2000, sai ƙasa ta faɗi wani abu dabam. Sun tono dubban ƙananan siffofin ibada na yumɓu, waɗanda kowanne bai cika tafin hannu ba, da ɓaraguzan gumakan Buda da na zanen bango. Ginin ɗakin ibada ne, wanda ya dace da dogon benen da wani rubutun dutse na 1346 ya siffanta. Ba na ganin Kiselev ya yi sakaci. Ya zo da tunanin cewa gini mafi girma a babban birni dole ya zama gidan sarki, kuma wannan tunanin ne bai dace da Mongol ba. Sarkinsu yana sauka Karakorum na ɗan lokaci a shekara, sauran watanni yana bin sansanoninsa na bazara da hunturu, majalisarsa na biye da shi.

Abin da ya zauna a garin dindindin shi ne aiki. Haƙar da aka yi a mahaɗar manyan tituna biyu na tsakiyar birni ta fito da murahun narka ƙarfe da tagulla, da wuraren sarrafa gilashi da ƙashi, da gidaje masu ɗumama daɓe ta ƙarƙashi irin na Sinawa. Kusa da kogi an sami matoya ta tubali da jinkar yumɓu. A gidan tarihin Harhorin, cikin tangaran na Sin da tsabar kuɗi, abin da ya fi riƙe ni zobban ƙarfe ne masu kauri da ake sakawa a cibiyar ƙafar amalanke. Ba su da kyau ko kaɗan, amma su ne ke bayyana yadda garin ya rayu. Masanin tarihi Rashiduddin ya rubuta cewa kullum amalanke 500 na abinci da abin sha ke shiga birnin. Ƙasar da ke kewaye da shi ba ta iya ciyar da shi, shi ya sa da Kubilai ya tare hanyar hatsi a yaƙinsa da ƙanensa Arik Boke bayan 1260, yunwa ta kama garin nan take.

Wani zai ce, to ashe ƙauye ne aka kambama. Yana da madogara, domin Wiliyam na Rubruk, limamin Kirista da ya zo a 1254, ya ce in aka cire fada garin bai kai Saint-Denis na kusa da Paris ba. Amma Wiliyam ya ƙirga abin da idon Bature ya saba kira gari ne, wato gine-gine. Binciken da aka buga a 2021, wanda aka yi da na'urar auna maganaɗisun ƙasa ba tare da an sa diga ba, ya nuna cewa cikin ganuwar bai kai murabba'in kilomita ɗaya da rabi ba, kusan kashi 40 cikin ɗari nasa babu gini, kuma unguwanni sun bazu nesa a bayan ganuwa. Bakano ba zai yi mamakin fili a cikin ganuwa ba, tunda tsohuwar badalar Kano ta kewaye gonaki da makiyaya. Bambancin shi ne filin Karakorum, bisa mafi ƙarfin zato, masauki ne na tantuna: garin yana kumbura idan sarki ya sauka da jama'arsa, ya saɓe idan ya tashi. Tanti kuwa ba ya barin tushe.

Akwai masu ja ta ɗaya ɓangaren, masu son mayar da Karakorum aljannar zaman lafiyar addinai. Gaskiya ne Wiliyam ya ƙirga ɗakunan gumaka 12, masallatai biyu da coci ɗaya, ya ga unguwar Musulmi mai kasuwanni da ta Sinawa masu sana'a, kuma an haƙo kaburburan Musulmi a bayan ganuwa. Ban raina wannan ba. Sai dai ya kamata a tambaya yadda mutanen suka zo. Giyom Bushe, maƙerin azurfar Paris da ya ƙera wata bishiya mai zubo da abin sha a fada, kamamme ne da aka kwaso daga Hangari, kuma irinsa ne da yawa cikin masu hura wutar murahun da na gani. An bar kowa da addininsa saboda ana bukatar hannunsa da addu'arsa. Mongke Han, sarkin Mongol na lokacin, da ya sa malaman addinai muƙabala a 1254, shi ne ya tura ƙanensa Hulagu yamma, tafiyar da ta ƙare da rushe Bagadaza a 1258.

Fadar kanta har yau ba a tono ta ba. Ramukan gwaji a gindin katangar Erdene Zu sun nuna tsohuwar katanga ta ƙarni na 13 a ƙarƙashi, shi ya sa masu binciken ke kyautata zaton tana can. Wurin kuwa gidan ibada ne da ake amfani da shi, yana cikin kwarin Orhon da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2004, don haka duk haƙar da za a yi a ciki sai da yardar masu ibada da ta hukuma, kaɗan-kaɗan.