Rumbun da gara ta shiga

Kowace safiya, kafin ya tafi lakwal, malamin yakan kunna kwamfutarsa, ya fita ya aza butar shayi bisa gawayi, ya dawo ya tarar allon ya yi shuɗi, farin rubutu na Faransanci yana sauka layi-layi. Na'urar tana sanar da shi cewa faifanta na ajiya, wanda masu gyara ke kira diski dur, yana bukatar bincike, tana kuma ba shi daƙiƙa 10 ya taɓa wani maɓalli idan ba ya so. Bai taɓa taɓawa ba. Yakan zauna da kofinsa, ya kalli lissafi yana hawa zuwa 100 har sau uku, sannan Windows XP ta buɗe kamar ba abin da ya faru. Har yabonta yake yi gaban abokan aiki, wai ga na'ura mai tsabta, ba ta kama aiki sai ta share ɗakinta. A Damagaram ne aka yi haka, cikin shekarun 2000, lokacin da malamin makaranta mai kwamfuta a gida abin nuni ne a unguwa.

Tsohuwa ce ya saye ta, irin waɗanda ake kawowa daga Turai bayan sun gama aikin wani ofishi, amma abin da ya zuba a cikinta ba a sayen irinsa a kasuwa. Yana daga cikin malaman da suka koyar a makarantun gwaji, masu fara karatu da harshen gida kafin Faransanci, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Damagaram a 1973, kuma ya san ciwon tsayawa gaban yaran da suka iya haɗa baƙi da wasali amma ba su da littafin da za su karanta. Saboda haka kowane dogon hutu yakan ɗauki rakoda ya shiga ƙauyukan Mirya da Magarya, ya zauna gaban tsofaffi, ya ɗauko tatsuniyoyi, da kirarin maharba, da waƙoƙin niƙa da na daɓe. In ya dawo sai ya juye muryoyin cikin kwamfuta, ya bi su kalma-kalma yana rubutawa da ƙa'idar rubutun Hausa ta 1999. Kaset kuɗi ne, albashin malami kuwa an san iyakarsa, don haka duk wanda ya juye sai ya sake ɗaukar sabuwar magana a kansa. A ganinsa ya fitar da hatsi daga buhu ya zuba a rumbu.

Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, wancan bincike na safe ba shara ba ne. Duk lokacin da na'urar ta ga wani rubutu a faifai ya katse bai kammala ba, takan ɗaga wata ƴar alama, in aka sake kunna ta kuma sai wani shiri mai suna chkdsk ya bi rajistar da ke faɗin inda kowane fayil yake, ya daidaita ta. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ganin shuɗin allo sau ɗaya bayan an ɗauke wuta ba abin tsoro ba ne. Amma malamin yana rufe na'urarsa yadda ya kamata, ta mutu da kanta, washegari kuma binciken ya dawo. Nan ne maganar ta sake. Mai tsaron rumbu da ke gyara lissafinsa kowace safiya, kullum yana samun damin da ya ɓace, ba lissafin ne ke da ciwo ba. Chkdsk rajista yake gyarawa. Ba ya iya ɗinke wurin da ya ci a jikin faifai.

Jikin nan kuwa abin mamaki ne in aka san shi. Faranti ne mai sulɓi kamar madubi, yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, wani ɗan kan karatu yana shawagi a bisansa ba tare da ya taɓa shi ba, da tazarar da ƙwayar ƙurar hunturu ta fi ta girma nesa ba kusa ba. An yanka farantin gurbi-gurbi, kowane gurbi yana ɗaukar abin da ya kai harafi 512. Idan teburi ya girgiza, ko wuta ta yi tsalle, ko tsufa kawai ya zo, kan ya goge farantin, sai gurbin ya mutu, ɓurɓushin da ya tashi kuma ya zauna a cikin akwatin yana jiran ya kashe na gaba. Faifan yana da wasu gurabe na ajiye da yake musanya matattun da su a ɓoye. Kafin mai na'ura ya fara ganin wani abu a allo, an daɗe ana wannan musanya.

Ranar da wani rubutu ya ƙi buɗewa, malamin ya ɗora akwatin a kan kabu-kabu ya kai wa wani mai gyara a kasuwa. Mutumin bai saurari na'urar ba. Ya ce birus ne, kamar yadda ake ɗora wa iska duk ciwon da ba a gane ba. Ya saka dogon bincike mai mataki biyar, wanda ke tilasta wa kan karatu ya bi kowane gurbi tun daga farko har ƙarshe, ya bar shi ya kwana yana yi, da safe kuma ya ƙara da shirin nan mai kwashe fayiloli daga wuri zuwa wuri don a jera su. Ga faifai mai lafiya babu laifi. Ga wanda ke kan gargara, kamar a sa majinyaci gudu ne don a ga ko zuciyarsa na aiki. Ya karɓi jika biyu. Da malamin ya koma gida ya tarar dosiyen Mirya babu shi. Garin neman gira an rasa ido.

Wani tsohon ɗalibinsa ne ya zo daga baya, saurayi mai kula da na'urorin wani sibarkafe. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida shi, sannan ya kunna kwamfutar ya kara kunnensa a jikin akwatin. Can ciki ana jin ƙas, ƙas, shiru, ƙas.

"Mushe, tun yaushe take wannan ƙara?"

"Tun hunturu. Na ɗauka haka aikinta yake."

Yaron bai ce komai ba. Ya fara da abubuwa masu araha, don igiyar da ta saki ko akwatin wutar da ya gaji su ma suna iya jawo irin wannan bincike. Ya sake igiya, ba abin da ya canza. Sai ya buɗe lissafin da faifan ke riƙewa game da lafiyar kansa, wanda ake kira SMART, ya nuna wa malamin layi biyu: yawan guraben da aka riga aka musanya, da yawan waɗanda ke jiran hukunci. Ya kashe na'urar, ya sake kunnawa, na biyun ya ƙaru. Wani nazari da injiniyoyin Google suka fitar a 2007, a kan faifai fiye da 100,000, ya nuna cewa faifan da ya ba da kuskure na farko wajen binciken jikinsa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Na malamin ya yi watanni yana wannan kira.

"Kada ku sake kunna ta, Mushe. Yanzu ba gyara muke nema ba, kwasa muke nema."

Aka aika Kano aka sayo sabon faifai. Aka aro akwatin batir mai riƙe wuta daga wurin aikin yaron. Bai bar Windows ta taɓa tsohon faifan ba. Ya tayar da na'urar da faifan CD na Linux, ya saka wani shiri mai suna ddrescue, wanda dabararsa ta manomi ce da ya ga hadari ya taso: a fara kwashe abin da ke da sauƙi, a tsallake wurin da ya yi tauri, sai an gama a dawo masa a hankali. Kwana biyu suna zaune a zaure, fanka na hura akwatin da aka buɗe, uwargida na aiko da tuwo yana hucewa. A dare na biyu ƙarar ta ƙaru, sannan na'urar ta daina ganin faifan ɗungum.

An ceto mafi yawa. A cikin wani ɓoyayyen dosiye mai suna FOUND.000, inda chkdsk ke jibge guntayen da ya rasa masu su, yaron ya tsinto rubuce-rubucen Mirya ba suna, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, malamin na gane su daga layin farko kamar uba cikin taron yara. Rubutu ƙarami ne, gurabe kaɗan yake ci, shi ya sa ya tsira. Murya kuwa shimfiɗe take a kan dubban gurabe, da wuya ramin bai same ta ba. Waƙoƙin niƙa na wata tsohuwa, waɗanda bai kai ga rubuta su ba domin yana jiran hutu, sun dawo da gibi: ta ɗauko baiti, sai shiru, sai ta ɓullo can gaba tana dariya a kan wata magana da ba a ji farkonta ba.

Na'urorin yau sun rage nuna shuɗin allon; tun Windows 8, a 2012, yawancin binciken a ɓoye ake yinsa mutum na aikinsa, faifan SSD kuma ba shi da farantin da zai yi ƙas-ƙas. Sun fi sauri, amma sau da yawa ba sa yin tari kafin su faɗi. Nasa dai ya yi.

Da hutu ya zo malamin ya koma ƙauyen da rakodarsa. Tsohuwar ta rasu da daminar da ta wuce. Dutsen niƙanta yana jingine bayan ɗaki, kaji na kwana a gindinsa, don an kafa inji a bakin kasuwa. Jikarta ta fito da goyo, ya kunna mata abin da ya rage. Ta saurara har wurin da muryar ta yanke, sai ta ɗora daga nan ba tare da an roƙe ta ba, ta yi baiti biyu, ta tsaya.

"Akwai saura, Malam, amma ban riƙe ba. Sai dai a tambayi Inna ta Magarya, tare suka tashi."

Ya rubuta sunan unguwar a bayan hannunsa, ya tambayi ƙarfe nawa motar Magarya ke tashi.