Rai Biyu a Gado Ɗaya

Duk wadda ta daɗe tana karɓar haihuwa ta san ba don mutum ɗaya take shiga ɗakin mai naƙuda ba. Mutum biyu ne a kwance, ɗaya na nishi, ɗaya bai iya faɗin damuwarsa ba. A aikin ungozoma na tsufa a nan Injamena. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, nakan kasa kunne ga gardamar zubar da ciki a rediyo, sai in ji kowane ɓangare ya rungumi ɗaya ya saki ɗaya.

Ni dai ban taɓa ɓoye matsayina ba. Abin da ke cikin ciki rai ne, kuma amana ce. Da ɗan ƙahon awo muke saurara, mu kifa shi a kan cikin mace mu kara kunne. Can ƙasa sai ka jiyo bugun zuciya, ƙanƙane, mai sauri, ya kusa ninka na uwar. Wanda ya taɓa jin wannan ba zai ƙara cewa gudan jini ne kawai ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun fi kowa tsanantawa, don a sanannen ra'ayinsu ko kafin kwana arba'in ba a taɓa ciki. Maƙwabtana Kiristoci na unguwar Mursal haka suke gani.

Dokar ƙasa ta sassauta. A 2002 Chadi ta yi dokar lafiyar haihuwa, sannan kundin hukunta laifuka na 2017 ya yarda likita ya cire ciki idan na fyaɗe ne, ko na muharrami, ko yana barazana ga lafiyar uwa, kusan yadda yarjejeniyar Maputo ta 2003 ta tanada. Idan ran uwa na kan siraɗi, ba ni da ja, a ceci uwa. Batun fyaɗe ne ke hana ni barci. Ba zan taɓa nuna wa yarinyar yatsa ba, wallahi an cuce ta. Amma na cikin ma bai yi laifin komai ba. Mun ga yadda ɗalibai suka cika titunan garin nan a Fabrairun 2016 kan wata yarinya da 'ya'yan manya suka yi wa fyaɗe. Can ya kamata fushin hukuma ya sauka, a kan azzalumi, kowane ne ubansa.

Siyasar ƙetare kuma ta shigo mana har ɗakin awo. Tun 1984, zamanin Reagan, Amurka ta hana ba da kuɗinta ga ƙungiyoyin waje masu harkar zubar da ciki. Clinton ya soke a 1993, Bush ya mayar a 2001, Obama ya soke, Trump ya mayar a 2017, Biden ya soke, Trump ya sake mayarwa a 2025. Manufar kare ɗan tayi ina tare da ita. Sai dai ƙasar da ta jingina lafiyar matanta a kan zaɓen wasu, kullum a cikin zullumi take. Mun fara fitar da man fetur tun 2003, bai kamata safar hannun ungozoma ta jira wanda zai ci zaɓe a Amurka ba.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce a duk haihuwa 100,000 a Chadi, mata 1,063 ne ke rasuwa. A wancan ƙiyasin, Sudan ta Kudu ce kawai ta fi mu. Abin da ke kashe su ba baƙon ciwo ba ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin bayan haihuwa. Na raka wata baiwar Allah wani asibiti da tsakar dare, an ɗauko ta a kan kilando, wato babur ɗin haya, zaninta ya jiƙe sharkaf. Aka miƙa wa mijin takarda, ya nemo jini, ya sayo zare da ruwan ƙari. Ya fita a guje ba ko takalmi. Kafin ya dawo ta cika. Jaririn ya yi kwanaki ana ɗura masa madara da cokali, shi ma ya bi ta. Duk mai cewa yana kare ran ɗan tayi, in wannan bai girgiza shi ba, to da sauransa.

Mu ma a cikin gidajenmu akwai gyara. Yarinyar da ke laɓaɓawa wajen dokta Shuku, masu tallar magani a titi, ta sayi ƙwayoyi a leda, ko ta jiƙa kanwa da sassaƙe ta sha, galibi ba ɗan take gudu ba, bakin mutane take tsoro. Wata uwa da 'yarta ta yi ciki ta taɓa zuwa mini bayan isha'i, muryarta na rawa, ta ce, "Inna, ki rufa mana asiri, in Malam ya ji zai kore mu duka." Na ce, "'Yar nan, asirin da za a rufa da kisan rai ba da hannuna ba. Amma zan je in sami Malam da kaina." Na je na durƙusa a zaurensa. Ya daɗe yana jan carbi bai ce uffan ba, daga bisani ya yarda a kai yarinyar wajen gwaggonta a Kusiri. Can ta haihu lafiya, ta yi jego, kuma ta koma makaranta.

Ga limamanmu nake da roƙo. Suna huɗuba a kan haramcin zubar da ciki, Allah ya saka musu. To su ƙara da cewa a bar mata su je awo, kada a jira sai naƙuda ta kwana biyu. Kuma ran Juma'a, in an sallame a Masallacin Sarki Faisal, a ce wa samari masu jini a jika su wuce cibiyar ƙarin jini ta ƙasa su ba da leda ɗai-ɗai, tun kafin a kawo matar wani.