Jikon Iya da tulun Mirya

A gidanmu na Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, kakata Iya ba ta rabuwa da jiko. Ɓawon maɗaci da tsamiya da ƴar citta take jiƙawa a tulun Mirya, ta ɗora shi bisa jiƙaƙƙen rairayi a zaure, ta rufe da faifai. Tulun yana naso, iskar bazara ta busar da nason, ta tafi da zafin. Ko a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jikon da sanyinsa. Sanyin kuwa shi ke dakushe kaifin maɗaci, har yaro ya iya haɗiyewa.

Bayan rasuwarta na ɗauka na fi ta dabara: in haɗa na mako guda, in ɗura a kwalabe, in jera a firigo. Ai haka na karanta Turawa ke adana Negroni, haɗin nan mai ɗaci na Italiya. Ban lura ba, nasu barasa ke tsare shi, namu ruwa ne zalla.

A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. Cikin kwana biyu kwalabena suka yi kumfa, na zubar. Sai na tuna Iya ba ta taɓa jiƙa fiye da na kwana uku ba. Na nemo tulunta, ashe ya tsage. Na sayo sabo a Mirya, amma da yake damina ce, sanyinsa bai kai na bazara ba.