Tallafin Sola: Ina Rabonmu, Kuma Da Wane Irin Ciniki?



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, darenmu a Lafiya ya sauya. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin wata biyu, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Janaretocin da a da suke danne kiran sallar isha'i yawancinsu sun yi shiru, an ture su bayan ɗaki. Shi ya sa ido ya koma kan rufin kwano, inda farantan sola suka fara tsirowa ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya biyu ake yawan yi mana, a shago da kuma bayan sallah. Ta farko: "Malam, wai da gaske ne gwamnati tana raba sola?" Ta biyu: "Wannan da ake biya kaɗan-kaɗan, babu kuɗin ruwa a ciki?" Bari mu ɗauke su bi da bi.

Tallafi dai akwai shi. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta fito da shirin Solar Power Naija, da niyyar kai wutar sola wurare miliyan 5, Babban Bankin Nijeriya kuma ya ware naira biliyan 140 a matsayin lamuni. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don wani shirin mai suna DARES, wanda hukumar samar da lantarki a karkara, REA, take gudanarwa, ana fatan ya kai ga mutum miliyan 17.5. Amma fa a kula, wannan kuɗi ba a hannun maigida ake damƙa shi ba. Kamfani ne yake kafa kayan, a zo a tabbatar ya kafa, sannan a biya shi wani kaso, shi kuma ya sassauta farashi. Ta irin wannan hanya kamfanin Husk ya buɗe ƙananan tashoshin sola shida a jiharmu a 2021, cikinsu har da Rukubi a ƙaramar hukumar Doma, da Kiguna da Gidan Buba a ta Lafiya. An fara da ƙauyuka ne saboda ko turken wuta babu a can. Mu na cikin gari ana lissafa mu cikin masu wuta, balle tun da aka buɗe babbar tashar Akurba a 2022.

Saboda haka rabonmu a cikin farashi yake ɓoye. Duk wanda ya shigo unguwa da takardu yana cewa a biya dubu biyu ko biyar kuɗin fom za a kawo sola kyauta, a ba shi ruwa ya sha, a sallame shi. Iyayenmu mata da zawarawa su aka fi yi wa wannan tarkon, don haka kowa ya faɗa a gidansa. Araha dai ba ta ado, ita kuwa kyautar da sai an biya, ai sunanta damfara.

Akwai kuma hukumar CREDICORP da aka kafa a 2024 don lamunin sayen kayan amfani, har da sola, ta hannun bankuna. Da ma'aikatan gwamnati ta fara. Mai albashi a cikinmu yana iya bincikawa, amma ya karanta sharaɗi tukuna, wanda shi ya kawo mu tambaya ta biyu.

Mu 'yan kasuwa mun san riba iri biyu ce: ribar ciniki da Allah Ya halatta, da ribar bashi da Ya haramta. Abin da muka karanta a gaban malamanmu, kuma shi ne maganar mafi yawan malamai, shi ne babu laifi a sayar da kaya zuwa wani ajali da tsadar da ta fi ta kuɗi hannu, muddin an tsayar da farashi ɗaya tun a wurin ciniki, an san adadin watanni, kuma babu ƙari idan mutum ya makara. Inda ɓarna take shi ne a ba ka kuɗi ka mayar da fiye da su, ko a riƙa ɗora maka ƙari duk watan da ka gaza. Bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna bin tsarin murabaha: su sayi kayan, su sayar maka da ribar da aka bayyana.

To kafin ka sa hannu, Alhaji, yi wa mai kayan tambaya huɗu. Nawa ne jimillar abin da zan biya daga farko har ƙarshe? In na makara, kulle na'urar kawai za a yi ko ƙari za a ɗora? In na gama biya, kayan ya zama nawa ko haya nake yi? In batir ya mutu kafin na gama, wa zai sake? Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan, ka riƙe kuɗinka. Ta ƙarshen nan tana da nauyi, domin faranti mai kyau yana wuce shekara ashirin, batir ne yake saurin gajiya, musamman in aka ɗora masa dutsen guga ko abin dafa ruwa.

Sai dai a ganinmu, tallafin da ya fi kusa da mu yana cikin aljihunmu, ƙona shi kawai muke yi. Gidan da yake zuba lita biyu kowane dare, a naira dubu, ya kashe dubu sittin a wata, dubu ɗari bakwai da ashirin a shekara, ban da baƙin mai da kuɗin gyara. A ce gida goma su haɗu, kowa ya zuba rabin wannan, dubu talatin. Duk wata mutum ɗaya zai kwashi dubu ɗari uku ya fara da ƙaramin saiti na fitila, fanka da cajin waya. Kuɗi hannu ne, ga damar taya farashi, babu ruwa, babu fom. Wata goma kowa ya samu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu da suka taso daga Kano, Katsina da Zazzau suka zauna a garin Barebari suna fataucin doya da riɗi, ba banki ne ya ɗaga su ba. Adashi ne da amana. Matanmu har gobe da shi suke aurar da 'ya'ya.

Shawararmu ita ce a fara ba wanda wutarsa take haifar da kuɗi: tela, mai cajin waya, baiwar Allah mai sayar da kunun aya da zoɓo da take riƙe da marayu. Su za su fi saurin tsayawa da ƙafarsu, zubinsu kuma ba zai yanke ba. A rubuta komai a takarda da shaidu biyu, kamar yadda addini ya koyar a sha'anin bashi. A samu yaranmu da suka koyi haɗa sola a ba su aikin, kuɗin ya zauna a gida. In hunturu ya shigo, a riƙa goge ƙurar faranti, don ita ma tana cin wuta.

Mai son shiga ya tsaya bayan sallar la'asar ranar Juma'a, za mu buɗe littafi. Allah Ya haskaka gidajenmu da zukatanmu, Ya tsare mu daga cin haram. Amin.