Makon da Gimbiya ta mutu

Asabar

Magenmu Gimbiya ta mutu bayan la'asar, a kan teburin likitan dabbobi. Tun Alhamis take ƙin abinci, ko kan kifi aka ajiye mata sai ta sunsuna ta kau da kai. Likita ya ɗaga leɓenta ya nuna min dasashi, fari fat. Ya ce ta ci maganin ɓera ne, irin mai hana jini daskarewa, wanda ba ya nuna kansa sai bayan kwana 3 zuwa 5, jini na ta zuba a ciki ba wanda ya sani. Yana da makari, bitamin K1, amma sai an farga da wuri. Ya tambaya ko mun ba ta farasitamol, na ce a'a. Ya ce gara haka, ƙwaya ɗaya ma tana iya kashe mage.

Lahadi

Malam, maigidana, ya so a ba almajiri ya kai ta bola. Ɗanmu Abba ya tare ƙofa yana kuka, sai da uban ya ɗauko fartanya da kansa. Sun haƙa rami mai zurfi a gindin darbejiya don kada karnuka su tono, tunda da guba a jikinta.

Litinin

A wurin aiki wata ta ga idona ta ce, "Lafiya, Maman Abba? Rasuwa aka yi?" Da na faɗa mata sai ta saki dariya: "Au, ashe ma mage ce!" Ban ga laifinta sosai ba. In mutum ya rasu, kowa ya san abin yi: a shimfiɗa tabarmi, a zo gaisuwa, a yi ta ce maka ya haƙuri har bakinka ya gaji da amsawa. Mage kuwa ba a tanadar mata komai ba. Ka yi kukanka a banɗaki, ka wanke fuska, ka fito ka ɗora tukunya.

Talata

Asuba ce ta fi wuya. Da na shimfiɗa darduma take zuwa ta kwanta daidai wurin sujada. Yau sai da na kai hannu zan ture ta.

Laraba

Hajiya, uwar Malam, ta zo. Na zaci faɗa za ta yi, don ita ce mai cewa mun sangarta dabba. Ta zauna ta ce, "'Yar nan, ya haƙuri?" Nan take hawaye suka ɓalle min. Ta tuna wa Abba cewa sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira, 'yar magen da yake ɗauka ce ta jawo masa laƙabin. Ta kawo labarin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa, wanda ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta gama sha, da na matar da aka azabtar saboda ta kulle mage ba ci ba sha. Sai kuma ta ƙara da cewa Gimbiya dai ɓarauniyar nama ce, kowa ya sani. Muka yi dariya, gaskiya ta faɗa.

Alhamis

Ɓeraye sun dawo sito, har sun huda buhun gero. Na aika Kasuwar Rimi aka sayo tarko. Na shiga maƙwabta da niyyar faɗa kan maganin ɓeran da ya kashe Gimbiya, na tarar da yaro mai rarrafe a tsakar gida da garin maganin a bayan randa. Faɗan ya koma roƙo. Sun share a gabana.

Juma'a

Ƙanwata ta bugo waya, magensu ta haihu, za ta kawo min mai fari da ja. Na ce a bar ta wurin uwarta, ko sati 8 ba ta yi ba. Abba ya gane ba wannan ne dalilin ba. Ya dai ce zai riƙa zuwa duba ta in an tashi daga Islamiyya, kuma kada a ba kowa.