Baƙin yashin gulbi da duwatsun ƙarƙashin teku

Litinin

Darasin makon nan shi ne yadda ƙasan teku ke buɗewa. A ajina babu wanda ya taɓa ganin teku. Babban ruwan da suka sani shi ne tabkinmu na Madarumfa. Na zana tsakiyar Atlantika a allo, na nuna inda narkakken dutse ke ɓullowa, ya daskare, ya ture tsohon gabas da yamma. Suka kwafe tsaf, ba tambaya ko ɗaya. Shirun ya dame ni, don na san hadda ce ta bakaloriya, zuciyarsu ba ta kama ba.

Talata

Bayan la'asar na gangara Gulbin Maradi da maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo a cikin leda. Inda ruwan damina ya janye, baƙin yashi ya kwanta siri-siri. Ina goga ledar, ƙwayoyin suka manne cunkus. Magnetit ne, gulbi ya kwaso shi daga duwatsun ƙasar Katsina, ta Jibiya. Na cika kwalba.

Laraba

Yau aji ya farka. Kowa ya taɓa yashin, ya ga yadda yake miƙewa yana bin maganaɗisu. Sannan na ce musu danginsa ne ke cikin dutsen bazalt na ƙarƙashin teku. Muddin dutse na da tsananin zafi, ƙwayoyin ba sa riƙe komai. Da zafin ya sauka ƙasa da wani mizani, digiri 580 ga magnetit, sai su ɗauki fuskar maganaɗisun duniya na wannan lokacin, su kulle a kai. Namu yashin ruwa ya jujjuya shi, ya ɓata masa lissafi. Na teku yana nan yadda ya daskare.

A 1906 Bernard Brunhes ya sami dutsen aman wuta a Faransa wanda maganaɗisunsa ke duban kudu. Ashe arewa da kudun maganaɗisu sukan yi musaya. Juyi na ƙarshe ya kai shekara 780,000. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews suka ce idan teku na buɗewa, dole ƙasansa ya zama layi-layi kamar luru, wannan na duban arewa, na gefensa kudu, kuma zanen gabas ya yi daidai da na yamma. Haka aka tarar. A ƙarshen 1968 jirgin Glomar Challenger ya fara huda ƙasan Atlantika ta kudu, aka ga iya nisa daga tsakiya, iya tsufan ƙasan.

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Mushe, in ya sake juyawa, alƙibla za ta canza?" Na ce a'a, 'yata, Makka na nan inda take, rana ma daga gabas za ta ci gaba da fitowa, allurar kamfas ce kawai za ta koma duban kudu. Na ji daɗin tambayar ƙwarai.

Alhamis

Ba ni da su yau. Da dare na zauna da takarduna kan abin da aka gani a cikin duwatsun da aka ciro, domin nan ne zancen ya fi zurfi. Ƙarfen da ke cikin bazalt ɗin teku gauraye yake da titaniyam, mizanin zafinsa bai wuce digiri 150 zuwa 200 ba. Saman dutsen, wanda ruwan sanyi ya daskarar da gaggawa, ƙwayoyinsa ƙanana ne, su ne suka fi riƙo. Amma ruwan gishiri na ratsa tsagogi yana cinye su a hankali, ƙarfin maganaɗisun na raguwa, fuskar da suka ɗauka kuwa galibi tana nan. Daga saman ruwa ba za a san wannan ba, sai an huda. Ramin 504B a gabashin Fasifik an kai shi mita 2,111 ƙarƙashin ƙasan teku, tsakanin 1979 da 1993. Jirgin JOIDES Resolution da ya ƙarasa shi ya daina aiki a 2024. Raina ya sosu da hakan.

Juma'a

Wani yaro ya tambayi layukan tekun da ya fi kusa da mu, na gaɓar Legas da Kwatano. A nan zanen ba ya fitowa sosai. Afirka ta Yamma ta rabu da Barazil a wani dogon zamani, tsakanin shekara miliyan 120 da miliyan 83 da suka wuce, wanda maganaɗisun duniya bai juya ba. Tsagar da ta raba su ta so ta ratso cikin ƙasa ma, ta tsaya. Kwarin Binuwai ne shaidarta. Kafin mu tashi zuwa masallaci na ba su aiki: idan kowane gefe na tafiya santimita 2 a shekara, nawa ne faɗin ƙasan da aka yi tun juyi na ƙarshe?

Lahadi

Wasu sun kawo amsarsu har gida, ba su jira Litinin ba. Yawanci sun sami kilomita 15.6. Yarinyar alƙibla ta rubuta 31.2, ta ce ai gefe biyu ne ke tafiya. Na ba ta maki cikakke, kuma gobe ita za ta fito allo ta yi wa 'yan aji bayani.